Yadda na koyi riƙe bakina

Duk sanda aka tambaye ni sana'ata na ce aikin ba da shawara nake yi, sai in ga mutum ya gyara zama ya ce, "To Hajiya, faɗuwa ta zo daidai da zama, ba ni tawa." Sunan ne ya cuce mu. A wuni nakan zauna da mutum huɗu ko biyar, amma in aka tattara shawarar da ta fito daga bakina ba za ta cika cokali ba. Yawanci kunne nake bayarwa, shi kuwa ban taso da shi ba, sai da na sha wuya na koya.

Ni malamar makaranta ce tun asali, ina koyar da Hausa a wata sakandaren kwana ta 'yan mata a wajen Kano. Tun 1977 kundin manufofin ilimi na ƙasa ya yi maganar samar da masu ba ɗalibai shawara a makarantu, amma a wurare da yawa abin da ake yi shi ne a duba malamin da yara suka fi sakewa da shi a miƙa masa makulli. Haka aka yi mini. Shugabar makaranta ta ce, "Ke kin iya magana, yaran nan suna jin taki." Ɗakin tsohon sito ne, karyayyun benci a gefe, tebur ɗaya a tsakiya. Na ji daɗi ƙwarai. Ina da baki, ina da karin magana, ga ayoyi da hadisai tun na Islamiyya. Me ya rage?

Akwai wata 'yar aji biyar da ta riƙa yanke jiki tana faɗuwa a taron safe. 'Yan ɗakinsu suka ce iska ce, har an yi mata ruƙiya sau biyu. Wata Laraba bayan azahar ta yi sallama, ta durƙusa a bakin ƙofa tana murza gefen hijabinta. Ta ce, "Malama, dama..." sai ta yi shiru. Shirun ya yi mini nauyi, na cike shi. Na gaya mata duniya gidan jarrabawa ce, na kawo ƙissar Annabi Ayyuba, na ce ta dage da azkar, ta rage tunani, ta riƙe karatunta, mahaƙurci mawadaci. Har aka kira la'asar ina zuba. Ta ce, "Na gode Malama, Allah ya saka da alheri." Na tafi gida ina jin na yi aikin lada.

Bayan hutu ba ta dawo ba. Ƙawarta ce ta gaya mini mahaifinta ya rasu a zangon baya, baffanta ya karɓi kuɗin aurenta a hannun wani abokin kasuwancinsa, kuma ranar nan ta zo ne ta roƙe ni in sa baki a kira baffan makaranta a ba shi baki. Abu ne da zan iya gwadawa. Daga sitona zuwa ofishin shugaba bai kai tafiyar minti biyu ba. Ko tambaya ɗaya ban yi mata ba.

Wannan ne ya kai ni Jami'ar Bayero neman digiri na biyu a fannin. A nan na ji cewa aikin ba da shawara a Najeriya ya samo asali ne a 1959, lokacin da wasu mata masu hidimar cocin Katolika a kwalejin St. Theresa da ke Ibadan suka gayyato ma'aikata su yi wa ɗalibansu masu fita bayanin sana'o'i, kuma ƙungiyarmu ta ƙasa, CASSON, an kafa ta a 1976. A nan kuma na haɗu da sunan Carl Rogers, Ba'amurken da tun wajen 1951 ya dage cewa wanda ya zo da damuwar shi ya fi kowa sanin inda ke masa ciwo, aikinka ka ji abin kamar yadda yake jin sa, ka karɓe shi yadda ya zo, kuma kada ka yi masa fuska biyu. Na yi gardama a aji. Na ce to in ta zo ta ce mini saɓo take aikatawa, sai in gyaɗa kai? Malaminmu, wani dattijo mai sanyin magana, ya ce, "Malama, alƙalai suna da yawa a garin nan, masu wa'azi ma haka. Ta wuce su duka ta zo wurinki. Kina ganin don ba ta san haramun ba ne?"

Amma ba a aji na karaya ba, a zangon gwajin aiki ne. Dole kowa ya naɗi zamansa da wanda yake taimaka wa, da izininsa, ya kawo a saurara. Na kai nawa ina taƙama. Dattijon ya kunna, ya ɗauki biro da takarda, duk sanda muryata ta katse ta yarinyar sai ya ja layi. Kafin rabin awa takardar ta yi kamar lissafin mai shago. Ya juyo da ita ya ce, "Wa ya zo wurin wa?" Sannan ya nuna mini wasu layuka goma sha ɗaya da ya ware a ƙasa. Sau goma sha ɗaya na ce "ki yi haƙuri". Ya mayar da naɗin baya ya ce in lura da abin da ke biyo bayan kowanne. Na saurara. Duk inda na faɗa, sai ta ce "to", labarin ya mutu a nan.

Na daɗe ina juya wannan a raina, don haƙuri ba ƙaramar kalma ba ce a wurinmu. Da ita ake ta'aziyya, da ita ake raka amarya, da ita uwa ke sallamar 'yarta da ta yi yaji. Ban yar da ita ba har yau. Abin da na gano shi ne lokacinta ake kuskurewa. In ta zo kafin mutum ya sauke abin da ya ɗauko, murfi ce a kan tukunya mai tafasa, kuma mai ladabi zai fahimci an ce masa ya isa haka. Aikin gida da aka ba ni shi ne in mutum ya yi shiru, in ƙirga goma a zuci kafin in buɗe baki. Makon farko ban taɓa wuce huɗu ba.

Wasu abubuwan da ke cikin littattafan kuma dole na ajiye su. Sun ce ka kalli mutum ido cikin ido. Yarinyar da aka yi wa tarbiyya a gidan Bahaushe ba za ta haɗa ido da sa'ar uwarta ba, in kin matsa kin ƙara ɗaure ta ne. Sai na fitar da tebur, na shimfiɗa tabarma, muka riƙa zama gefe da gefe muna kallon bango ɗaya. Haka nan "yaya kike?" ba tambaya ba ce, gaisuwa ce, amsarta "lafiya lau" ko da gida na cin wuta. Ƙofar da na samu ita ce barci. "Yaya barci kwanan nan?" ba ta da abin kunya, kowa zai amsa. Daga "wallahi sai in kai asuba idona biyu" ake zuwa "me ke zuwa miki a rai a lokacin?" Mutanenmu da wuya su ce suna cikin ciwon damuwa. Za su ce tsakiyar kai na zafi, ƙirji ya yi nauyi, wani abu na yawo a jiki, abinci ba ɗanɗano, an yi maganin maleriya da taifod har an gaji. Ba ƙarya suke ba, jikin ne ke faɗar abin da baki ya kasa.

Na nemi a bar ni in yi 'yan watanni ina bin ma'aikata a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, don in san iyakata. Can na ga abin da ba hira ke maganinsa ba: mai jin muryoyi, mai kwana bakwai bai runtsa ba yana ta rabon kayansa, mai farfaɗiya da aka shekara ana kora wa aljanu. Waɗannan na likita ne, shi ke rubuta magani, ni ba na rubutawa ko da farasitamol. Can kuma na fara ganin tabon mari a idon sawun mutane, wanda suka zo da shi daga inda aka fara kai su. Shi ya sa a watan Satumban 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasunsu cikin sarƙa, duniya ta girgiza amma mu ba mu yi mamaki ba. Har lokacin dokar da ke kula da masu wannan lalura ta 1958 ce, wadda sunanta ma dokar mahaukata. Sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, bayan a 2022 ya sa hannu kan wadda ta kafa majalisar kula da masu irin aikina.

Wani likita a can ne ya ba ni labarin Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 a Aro ta Abeokuta ya riƙa sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, kuma ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. Wannan ya kwantar mini da hankali, don littattafan da na karanta suna magana kamar mutum shi kaɗai ya faɗo daga sama, alhali duk wanda ya shigo wurina da gidansu ya shigo, ko da sun tsaya a waje.

Daga nan na ajiye alli, na karɓi aiki da wata ƙungiyar agaji a Maiduguri, a sansanonin 'yan gudun hijira. An horar da mu kan wani tsari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, ana ce masa PM+: zama biyar, mako-mako, kowanne minti 90. Ana koya wa mutum sassauta numfashi, da warware matsala ɗaya bayan ɗaya, da komawa 'yan ayyukan da ya watsar, da neman mutanensa. Da farko na raina shi. Me numfashi zai yi wa wadda aka ƙona wa gari?

Wata mata 'yar Bama ce ta gyara mini tunani. Hausarta ba ta da yawa, ni kuma Barbarcina gaisuwa ce kawai, sai da tafinta. Na zaci za ta ba ni labarin ranar da aka shigo garinsu, har na shirya zuciyata. Zama biyu tana maganar itacen girki da layin ruwa. An riga an gargaɗe mu kada mu tono wa kowa abin da bai kawo da kansa ba, don haka na bi ta. Muka ɗebo tsakuwa a bakin tanti, kowace damuwa tsakuwa ɗaya, muka yi tsibi biyu, abin da hannunta zai iya kaiwa da wanda ba zai kai ba. Mijinta da ba a san inda yake ba, ta daɗe tana riƙe da tsakuwarsa kafin ta ajiye a tsibi na biyu. Ban ce komai ba, na ƙirga goma, na sake ƙirgawa. A tsibin farko akwai zaman banza da ke sa ta wuni kwance fuska a bango. Ashe gwanar ɗinkin hula ce, irin ta Bama da ake ji da ita. Muka tsara ta nemi zare da allura a wurin wata maƙwabciya, ta zauna da masu ɗinki ko awa ɗaya a rana. A zama na biyar ta zo da rabin hula a hannu, tana ɗinki muna magana, a ranar ne kuma ta faɗi abin da ta gani a hanyar fitowarsu, da kanta, idonta a kan allura. Mijin bai dawo ba har na baro garin. Barcinta dai ya dawo, yaranta kuma suna samun girki.

Ni ce na tashi da ciwo. Na dawo Kano hutu ina yi wa yarana tsawa a kan cokali, in na kwanta sai labaran mutane su riƙa zuwa mini kamar ni aka yi wa. Mai gidana ya ce, "Ke da kike gyara mutane?" Wannan maganar ta sa na ɓoye wata biyu. Daga baya na gaya wa mai duba aikinmu, ta haɗa ni da wata abokiyar sana'a, na zauna a ɗaya gefen tabarmar. Na ji yadda harshe ke nauyi, na ji yadda nake satar kallon fuskarta in ga ko ta raina ni. Tun daga nan ban ƙara ƙosawa da mai dogon shiru ba.

Yanzu ina da ɗan ɗaki a Kano, tabarma da kujeru biyu, mutum ya zaɓa. Zaman farko bayan gaisuwa da ruwa, sharaɗi nake fara faɗa: abin da aka yi a nan ya tsaya a nan, sai in na ga rai na cikin haɗari, naki ko na wani, to zan nemi taimako, kuma ke zan fara gaya wa. Riƙe wannan a garinmu aiki ne. Kwanaki aka kawo mini wata mai jego, haihuwar fari, ba ta fi kwana talatin ba. Surukarta ce ta kawo ta, ta ce an yi wankan jego yadda ya kamata, kunun kanwa ba fashi, amma yarinya sai kuka, ba ta son ɗaukar ɗan, ko sammu ne. Na ce, "Hajiya, ki ɗan huta a waje, ga shayi." Ba ta so ba, amma ta fita.

Akwai wasu tambayoyi goma da aka tsara a birnin Edinbura na Birtaniya a 1987 don gane ciwon damuwar bayan haihuwa, suna tambayar yadda mace ta ji a kwana bakwai da suka wuce. Ba na miƙa takarda, cikin hira nake saka su. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Anti, in na kalle shi ba na jin komai. Wace irin uwa ce ni?" Da ni ce ta da, da na ce subhanallahi, ki daina faɗa. Sai na ce, "Kin daɗe kina riƙe da wannan ke kaɗai?" Ta fashe da kuka. Da ta lafa na gaya mata ciwo ne sananne, yana da suna, yana kama mata da yawa bayan haihuwa, ba ƙarancin imani ba ne, kuma ana warkewa.

Ta goma a cikin tambayoyin ita ce mai nauyi, ta tunanin cutar da kai. Mutanenmu suna da dalili biyu na ɓoye ta: addini ya haramta, sannan sashe na 231 na dokar Penal Code ta Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Duk da haka ina tambaya, a hankali amma ba kwana-kwana: "Akwai lokacin da kike jin da ma ki kwanta kada ki farka?" In an ce e, sai in tambaya ko ta taɓa tunanin yadda za ta yi, ko akwai abin a kusa da ita. Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, wanda yake da shi sauƙi yake ji an ambata. Ita ta ce e ga ta farko, a'a ga ta biyu. Muka yarda zan haɗa ta da likita a satin, kuma da izininta zan gaya wa surukar abu biyu kacal.

Ina buɗe ƙofa Hajiya ta tare ni: "Me ta ce miki?" Na ce, "Hajiya, amana ce, kamar yadda in ke kika zauna ba zan gaya mata taki ba. Amma ta yarda in ce miki ba ta da lafiya, ba rashin kunya ba ne, kuma tana bukatar barci. Wa zai riƙe yaron da dare ko na awa huɗu?" Ta yi shiru, ta ce ita za ta riƙe. Sai ta tambaya ko a daina rubutun da ake karɓo mata. Na ce ban hana ba. Ba na faɗa da malamai, ko fastoci ga Kiristocin da ke zuwa mini, sau da yawa ma su ke turo mutane. Sharaɗina uku ne: ba duka, ba ɗauri, kuma kada a ce a ajiye maganin likita. Nakan tuna musu da hadisin nan na ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, ba a cika yi mini musu a kansa ba.

Ba duka ke ƙarewa haka ba. Bayan an hana maganin tari mai kodin a 2018, da binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da gwamnati ya nuna mutum miliyan 14.3 a ƙasar nan suna ta'ammali da ƙwaya, iyaye suka yi ta jawo samari suna kawowa kamar masu kai mota gareji: ga shi nan, a gyara. Wanda aka jawo da ƙarfi yakan zo sau ɗaya ya zauna yana kallon silin. Nakan ce masa, "Na san ba kai ka kawo kanka ba. Tunda an riga an biya, me kake so mu yi da awar nan?" Wasu su yi dariya mu fara daga nan, wasu ba na sake ganinsu. Batun biyan ma kansa rigima ne. Mutum zai ba da kuɗin allura ba ciniki, amma a ce ya biya kuɗin magana sai ya ce, "Hirar ma?" Na daina jin haushi, na ware ranar Alhamis ga waɗanda ba su da hali.

Mai jegon nan ta yi zama shida. A na huɗu ta shigo da yaron goye a bayanta, Hajiya na biye da jakar kayansa, ta zauna a bencin waje ba a ce mata ba. Ba na sallamar mutum sai mun yi maganar alamomin da zai gane in abin na dawowa, da wanda zai fara kira. Ita ta ce in barci ya fara gudu kwana uku a jere, yayarta za ta kira, sannan ni.

Har yanzu duk wata nakan naɗi zama ɗaya, in mai shi ya yarda, in kai wa wata abokiyar aiki mu saurara tare da biro da takarda, sannan in goge. A na watan jiya sau uku na ce "ki yi haƙuri". Ɗaya ya zo a kan gaɓa, biyu na yi gaggawa.